Matar Da Aka Share Daga Labarin Tafiyar Mijinta

Ran 23 ga watan Satumba, 1960, watau saura kwana 8 Nijeriya ta sami mulkin kai, wani shahararren marubuci na ƙasar Amurka mai suna John Steinbeck ya ta da motarsa daga Sag Harbor, wani tsohon garin masunta da ke bakin teku gabas da birnin Niyu Yok, ya kama hanya da niyyar kewaya ƙasarsa. Bai komo gida ba sai farkon watan Disamba, bayan ya ci wajen mil 10,000, kamar dai a ce mutum ya yi Ikko zuwa Kano sau 14. Labarin tafiyar ya fito a littafi cikin 1962 da sunan Travels with Charley, watau tafiya da Charley, kuma Charley ɗin nan kare ne. Shekara da shekaru masu karatu sun ɗauka mutum ne da karensa kaɗai suka yi wannan doguwar tafiya, suna kwana a mota cikin daji. Sai daga baya ta bayyana cewa matarsa, Elaine, tana tare da shi fiye da rabin kwanakin.

DALILIN TAFIYAR

A lokacin Steinbeck yana da shekara 58. A ƙarshen 1959 ya yi rashin lafiya mai tsanani, likitoci suka ce ya rage wahalar da kansa. Shi kuwa abin da ya fi tsoro shi ne a mai da shi kamar jariri a cikin gidansa, ana lallashinsa ana hana shi motsi. Ban da wannan kuma ya ga ya yi kamar shekara 25 yana rubutu a kan Amurka alhali ya daɗe bai zaga ya ji maganar talakawanta da kunnensa ba.

Saboda haka ya sa aka yi masa mota ta musamman. A-kori-kura ce ƙirar GMC, aka ɗora mata ɗaki a baya, mai gado na mutum biyu, da murhu mai kai huɗu, da firji da fitilu masu aiki da gas, da ɗan makewayi, da tagogi masu raga saboda ƙwari. Ya sa mata suna Rocinante, sunan ramammen dokin nan na tsohon labarin ƙasar Sifen. Wanki ma ya samo masa dabara: sai ya zuba tufafi da ruwa da sabulu cikin bokitin roba mai murfi ya rataye a ɗakin, girgizar mota ta wanke su kafin yamma. Karen kuwa asalinsa na Elaine ne, ɗan shekara 10, haihuwar Faransa.

Tun kafin a tashi aka sami tsaiko. Wata babbar guguwar teku da aka sa wa suna Donna ta faɗa wa yankinsu cikin watan Satumba. Steinbeck ya ba da labarin yadda ya shiga ƙaramin jirgin ruwansa, wanda ya raɗa wa sunan matarsa, ya kai shi tsakiyar ruwa ya kafe shi don kada ya fashe a jikin gaɓa, sa'an nan ya yi iyo ya komo, tana tsaye tana kallo hankali a tashe.

GAƁAR GABAS

Kaka a can ba kamar tamu ba ce. Daga ƙarshen Satumba sanyi yake fara shigowa, ganyayen itatuwa su rikiɗe su koma ja da rawaya kafin su zube, masu yawon hutu su watse, garuruwan bakin teku su koma hannun masu su. Cikin wannan yanayi ne ya hau jirgin fito da motarsa zuwa New London, inda ya ga jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin ruwa, abin da ya ce ya ɓata masa rai, domin zamanin zaman doya da manja ne tsakanin Amurka da Rasha.

Daga nan ya nausa arewa zuwa Jihar Maine, ya ƙetare wata doguwar gada zuwa tsibirin Deer Isle, inda mutanen garin Stonington ke zaune da kamun wani irin ƙaton jatan lande. Can sama kuma, kusa da iyaka, ya tarar da 'yan ci-rani daga Kanada masu jin Faransanci, iyali guda, sun zo tonon dankalin Turawa. Duk wannan ɓangaren shi kaɗai ne da karen, amma kullum yana rubuta wa Elaine wasiƙa, kuma wasiƙun nan suna cikin abin da ya dogara da shi da ya zo rubuta littafin.

A Shikago ta zo ta same shi, suka sauka a babban otal mai suna Ambassador East. Wannan kam bai ɓoye ba. Ya faɗa a littafin cewa ta zo, amma ya ce ba zai ba da labarin kwanakin ba don kada su tsinka masa zaren labari.

GAƁAR YAMMA

Abin da bai faɗa ba shi ne, da ya ratsa ƙasar ya isa Seattle a bakin Tekun Fasifik, Elaine ta sake biyo shi a jirgin sama, kuma tare suka gangaro gaɓar yamma ta Jihar Oregon har cikin Kalifoniya. Steinbeck ya san Seattle tun tana ƙaramin birni a kan tuddai, sai ga shi ya tarar da manyan tituna da sababbin unguwanni sun cinye gonaki, tsohuwar unguwar tashar jiragen ruwa kuwa ta lalace. A arewacin Kalifoniya suka bi ta dajin itatuwan nan masu jan katako, waɗanda tsawon waɗansu ya wuce ƙafa 300, waɗansu kuma sun kai shekara 2,000 a tsaye. Daga nan sai San Faransisko, inda suka yi kwanaki a otal.

Kudu da nan ne mahaifarsa. An haife shi a Salinas a 1902, kuma garin Monterey na bakin teku, wanda ba nisa tsakaninsu, shi ne ya ba shi labaran da suka ɗaukaka sunansa. Da can Monterey gari ne na kifin sadin, masana'antun kifin gwangwani sun yi jeri a titi guda, warinsu ya cika gari. An yi ta kamu ba sassauci har kifin ya ƙare wajen farkon shekarun 1950, masana'antu suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya. A 1958 hukumar gari ta sāke wa titin suna zuwa Cannery Row, sunan littafin da Steinbeck ya rubuta a kansa a 1945. Watau ya komo ya tarar titin na ɗauke da sunan littafinsa, amma mutanen da ya rubuta labarinsu yawanci sun mutu ko sun tashi, masu yawon buɗe ido sun maye gurbinsu.

Ko cikin dangi ma bai sami sakewa ba. Lokacin zaɓen shugaban ƙasa ne na ran 8 ga Nuwamba tsakanin Kennedy da Nixon, shi yana bayan Kennedy, 'yan'uwansa mata suna ɗaya jam'iyyar, kullum sai gardama. Wani tsohon abokinsa mai gidan giya ya roƙe shi ya dawo gida da zama, suka zauna suna lissafa abokan da suka rasu, har shi Steinbeck ya gane cewa garin da yake ɗauke da shi a zuciya babu shi kuma. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ya hau dutsen Fremont ya dubi kwarin da ya girma a ciki, sa'an nan ya juya gabas. A Teksas, jihar su Elaine, suka sake haɗuwa suka yi bikin godiya na ƙarshen Nuwamba tare da mutanenta.

YADDA ASIRI YA TONU

Littafin ya sami kasuwa ƙwarai, kuma a shekarar da ya fito, 1962, aka ba Steinbeck kyautar Nobel ta adabi. Ya rasu ran 20 ga Disamba, 1968. Sai a 2010, shekara 50 cif bayan tafiyar, wani ɗan jarida na birnin Pittsburgh mai suna Bill Steigerwald ya bi sawunsa gari gari, ya gwada littafin da wasiƙun, ya kuma karanta rubutun farko da ke ajiye a ɗakin karatu na Morgan a Niyu Yok. A rubutun farkon nan Elaine tana nan a gaɓar yamma, a wanda aka buga kuwa babu ita. Bisa lissafinsa, cikin kwana 75 na tafiyar, wajen 45 suna tare, kuma kwanakin da marubucin ya kwana shi kaɗai a daji ba su taka kara sun karya ba.

Masu kare shi sun ce ai mai ƙaga labari ne tun asali, kuma abin da ya hango gaskiya ne: sharar da ta kewaye birane, da garuruwan da suka zama iri ɗaya, da ƙiyayyar launin fata da ya bayyana a New Orleans, inda waɗansu mata farare ke taruwa suna zagin yarinya baƙar fata 'yar shekara 6 a ƙofar makaranta. Duk da haka, da aka sake buga littafin a 2012, Farfesa Jay Parini ya ƙara bayani a gabatarwa cewa marubucin ya yi wa labarin gyare-gyare irin na masu ƙagawa.

Elaine ta yi shekara 34 a duniya bayan mijinta. Ita ce, tare da Robert Wallsten, ta tattara wasiƙunsa aka buga su a 1975, har da waɗanda ya aiko mata daga hanya. Ta rasu a 2003. Motar kuwa an gyara ta an ajiye a cibiyar tunawa da Steinbeck da ke Salinas, inda baƙi ke leƙawa ta taga su ga ɗakin.