Neman Ɗakin Haya a Kaura, Shinkafi da Zurmi

 Yau za mu nufi arewacin Jihar Zamfara, wato Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, mu duba wata mas'ala wadda ba ta cika fitowa cikin labarai ba, alhali kuwa ita ce ke hana dubban magidanta da iyaye mata barci bayan sun tsira da rayukansu, wato inda mutumin da aka raba da ƙauyensa zai sami ɗakin da zai sa kansa, da abin da zai biya, da wanda zai tsaya masa.

Haya dai ba tsohuwar al'ada ba ce a ƙasar nan. A da, falken da ya kawo shanu ko hatsi kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis yana da mai masaukinsa, wanda zai buɗe masa zaure ko shago, a fito masa da tuwo daga cikin gida, ya tsaya masa wajen ciniki, sa'an nan ya ɗauki la'adarsa, ba tare da an taɓa ambaton kuɗin ɗaki ba. Almajiri yana da makarantar malaminsa, matafiyi kuwa yana da zauren mai unguwa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma duk wannan tsari na karimci an gina shi ne bisa yaƙinin cewa baƙon zai kwana biyu ya yi sallama. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya, ta ratsa Funtuwa da Gusau, ta zo ta tuƙe a Kaura Namoda cikin 1929, sai garin ya cika da wasu baƙi na daban, ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanonin sayen gyaɗa da auduga, mutanen da ke karɓar albashi ƙarshen wata, su kuwa ɗaki suke nema su biya. Da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin cikin 1983, ɗalibai suka biyo baya, da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 kuma ma'aikatan gwamnati suka ƙaru. Ashe ke nan kasuwar hayar da ke waɗannan garuruwa an ɗinka ta ne daidai da mai albashi, da ɗalibin da mahaifinsa zai biya masa kuɗin shekara gaba ɗaya.

Sai ga wani irin mai neman ɗaki ya iso, wanda ba a yi tsarin dominsa ba. Shekara goma sha wani abu ke nan 'yan bindiga suna tashin ƙauyuka a wannan yanki. Masu sauraro ba su manta da kisan da aka yi a Birane ta ƙasar Zurmi cikin Fabrairun 2018 ba, ko na Kadawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita cikin Yunin 2021, inda aka rasa fiye da mutum 50. Inda ba a kashe ba an ɗora haraji, inda aka kasa biyan harajin an hana noma, har ya zamana manomin da kakanninsa suka sari dajin wurin ya ɗaure tabarma da tukunya ya nufi birni. Cikin Satumbar 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya, da niyyar toshe wa 'yan bindigar hanyar abinci da labari, amma matakin ya tsayar da ɗan cinikin da masu gudun hijira ke ci da shi. Waɗanda suka fake a Zurmi kuwa, da aka shigo garin kansa cikin Afrilun 2024 har aka kai hari fadar Sarki, da yawansu sai suka sake ɗaura kaya suka yi gaba, wasu Kaura, wasu Gusau. Ɗakunan ba su ƙaru ba, masu nemansu suka ninka, kuɗin kuwa ya bi inda aka san zai bi.

To, bari mu bi mace guda cikin irin waɗannan, mu ga yadda yininta ke kasancewa. An kashe mai gidanta, tana da 'ya'ya biyar da tsohuwar surukarta, sun yi makonni a ajin wata makarantar firamare, ga shi an ce za a koma karatu. Dillali ya shige gaba tana biye, goyo a baya, suna ratsa lunguna har su kai wani gida mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya, rijiyar ta ƙafe sai an sayi ruwa wurin 'yan garuwa. Aka buɗe mata ɗakin da ke ƙurya. Ta ɗaga kai ta ga hasken rana na shigowa ta hudojin kwano, ta dubi gindin bango ta ga inda damina ta zaizaye, ta auna da ido ko tabarma uku za su shimfiɗu, duk da haka zuciyarta ta kwanta da shi, domin yana da ƙofa, ƙofar kuma tana da sakata. Sai mai gidan ya fito, suka gaisa.

"Baiwar Allah, daga wane gari?" Ta faɗa masa. "Ɗiya nawa gare ki?" Ta ce uku, ta ɓoye biyu, don ta riga ta koyi cewa biyar na rufe ƙofa. "Ina mai gidan naki?" Ta ce, "Allah ya yi masa rasuwa, Alhaji." Ya yi mata ta'aziyya yadda ya kamata, sa'an nan ya yi tambayar da ta fi duka nauyi: "To, wa yas san ki garin ga?"

A kan wannan tambaya neman ɗaki yake tsayawa ko ya faɗi. Tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto, waɗanda jama'a ke kira infoma, ya sa kowa na ɗari-ɗari da baƙon fuska, har sunan wani ƙauyen kaɗai ya isa a ce an riga an ba da ɗakin. Macen da ba ta da miji a gefe kuwa, ko da takaba ta fito jiya, sai ta sha tambayoyin da ba a yi wa namiji. In Allah ya taimake ta wani ɗan garinsu da ya daɗe a birnin ya ce ya san ta, ya san mijinta, sai a zo maganar kuɗi, a ce na shekara ake so a dunƙule, ga kuma la'adar dillali a kai.

Nan ne lissafi ke ƙin fita. Matar nan abin da take samu na yini ne, ta yi surfe, ta yi wankau, babban ɗanta ya yi dako a tasha, abin da ya shigo da rana a ci shi da dare. Ko da a ce jimillar abin da za ta samu cikin wata goma sha biyu ta isa kuɗin ɗakin, babu ranar da zai taru a hannunta gaba ɗaya, sai fa in ta sayar da 'yar akuyar da ta tsira da ita ko kwanukan aurenta. Tallafin gwamnati ma bai zo da siffar da za ta warware wannan ƙulli ba. A zamanin Shugaba Buhari an riƙa ba gidajen matalauta da aka yi wa rajista naira 5,000 a wata. Cikin Oktobar 2023, bayan cire tallafin man fetur, gwamnatin Shugaba Tinubu ta sanar da naira 25,000 a wata har wata uku, kuma ana bukatar lambar shaidar ɗan ƙasa da asusun da za a tura kuɗin, abin da ke da wuya ga wadda ta fito da zanen jikinta. Sauran agajin kuwa buhun shinkafa ne da gero da tabarmi da barguna, Allah ya saka wa masu bayarwa, sai dai mai gida ba ya karɓar bargo. Saboda haka wani lokaci hatsin agajin ne ke komawa kasuwa a rage bashin ɗaki, yara su kwana da kunu. Cikin 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin biyu, ta tarar da kusan ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Sabubban wannan musiba suna da yawa, babbansu hana noma, amma duk wanda ya zauna da iyayen yaran ya san kuɗin ɗaki da kuɗin cefane daga ƙulli ɗaya ake kwance su.

Adalci ne kuma mu saurari masu gidajen, domin galibinsu ba attajirai ba ne. Wani tsohon ma'aikaci ne da ya zuba kuɗin sallamarsa a bulo da kwano don ya sami abin ci a tsufansa, wata kuwa gwauruwa ce da ta gaji ɗakuna uku tana ciyar da marayu da su. Siminti ya yi tsada, masai na cika da wuri in mutane sun yi yawa, kuma mai gida ya san in ya ba mai gudun hijira ɗaki, kuɗi suka yanke, kunya da tsoron Allah ba za su bar shi ya fitar da marayu waje ba. Kuɗin shekara da yake nema garkuwa ce ya yi wa kansa. Akwai kuma da yawa, Allah ya san su, da suka buɗe kangayensu da shagunansu kyauta, suka raba tsakar gidansu da mutanen da ba su taɓa gani ba, kuma a ganinmu su ne suka ɗauki mafi girman kason wannan nauyi, ba tare da wani ya rubuta sunansu ba.

Wannan ƙulli ba namu kaɗai ba ne: a Ingila, tun farkon shekarun 1980 hukuma ke biya wa marasa ƙarfi kuɗin haya, duka ko wani sashe. Duk da haka masu gidaje da dillalai suka riƙa rubutawa a tallarsu cewa ba sa son mai karɓar tallafi, har sai da wata kotu a birnin York ta yanke hukunci cikin 2020 cewa yin hakan wariya ce da ta saɓa wa doka. Darasin da ke ciki a gare mu shi ne, ko kuɗi na nan, mai gida amana yake nema. Kusa da mu kuwa, waɗanda suka tsallaka iyaka zuwa Jihar Maraɗi tun daga 2019, Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi musu rajista, aka tsugunar da wasunsu a wurare irin su Garin Kaka da Cadakori. Ɗan'uwansu da ya tsaya Kaura, da yake ya shige cikin gari ya kama ɗaki ko ya raɓa da dangi, sau da yawa ba ya cikin lissafin kowa, alhali tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ambaci matsuguni mai dacewa cikin abubuwan da gwamnati za ta nufa ga kowane ɗan ƙasa, ƙasar kuma ta amince da yarjejeniyar Kampala ta 2009 a kan waɗanda rikici ya raba da muhallinsu.

Amma ba sai mun je nesa neman hujja ba, tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Kaura da Zurmi. Fuƙaha'un Malikiyya, a babin ijara da kira'i, sun sharɗanta a san lada a san ajali, sun kuma halatta hayar gida wata-wata kamar yadda suka halatta ta ƙayyadadden lokaci, asali ma ladan yana wajaba ne gwargwadon amfanin da aka ci, sai in sharaɗi ko al'ada sun gabatar da shi. Biyan shekara a dunƙule ke nan al'ada ce muka ɗora wa kanmu, abin da al'ada ta kafa kuwa maslaha na iya sassauta shi. Jihar Legas ma ta sa doka a 2011 da ta iyakance kuɗin da mai gida zai nema a gaba. A babin zakka kuwa, malaman mazhabar sun halatta a ba fakiri abin da zai ishe shi shekara, kuma babu mai jayayya cewa matsuguni na cikin larurorin ɗan Adam tare da ci da sutura. Zamfara ce ta fara shelar dawo da shari'a cikin Oktobar 1999, tana kuma da Hukumar Zakka da Waƙafi tun shekarun farko na wannan tafiya.

Abin da muke roƙo shi ne a mai da haya babi mai zaman kansa cikin rabon zakka da agaji a waɗannan garuruwa uku. Mai unguwa da limamin unguwa su shaidi matar da iyalinta, su zama su ne amsar tambayar wa ya san ki. Kwamitin zakka na gunduma, da izininta, ya biya mai gida hannu da hannu a gaban shaidu, a rubuta takarda da sunanta da ajalin, yadda ba za a wayi gari an ƙara mata kuɗi tsakiyar shekara ba. Inda kuɗin bai kai na shekara ba, kwamitin ya tsaya lamuni, ita ta riƙa biya wata-wata ko kasuwa-kasuwa gwargwadon samunta, in ta gaza a cike daga asusu. Attajiran Shinkafi da Kaura da ke zaune Gusau da Kano da Abuja, waɗanda gidajensu na gado ke kulle shekara da shekaru, su yi waƙafin amfaninsu na shekara biyu ko uku, a gyara rufi, a haƙa masai, a sa iyali. Lokacin da ya fi dacewa a fara kuwa shi ne bayan kaka, sa'ad da ake fitar da zakkar hatsi, domin a sami sararin gyaran kwano da yaɓen bango kafin ruwan farko ya sauka.