Sankarar huhu da ake iya cirewa da tiyata: abin da ya kamata ku sani

A cikin birnin Kano, daga Jakara zuwa Ƙofar Mata, in tari ya daɗe wa mutum, abin da ake fara kawowa a rai shi ne tarin fuka. Da gaskiyar mutane, domin shi ya fi yawa, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Sai dai sankarar huhu ma da irin kayan take zuwa: tari, rama, ciwon ƙirji, wani lokaci kaki da jini. Nan ne ake asarar watanni. A sha na kemis, a sha jiƙe-jiƙen Kasuwar Kurmi, wani ma ya kammala wata shida na maganin tarin fuka, alhali abin da ke ƙirjinsa daban ne.

Kusan kashi 85 cikin 100 na sankarar huhu nau'in da likitoci ke kira "marar ƙananan ƙwayoyi" ne. Bai kai ɗaya nau'in saurin bazuwa ba, shi ya sa in an riske shi a mataki na ɗaya, na biyu, ko wani sashe na mataki na uku, ana iya yanke shi a fitar, mutum ya warke. Don haka duk wanda gwajin kakinsa bai nuna tarin fuka ba, ko ya yi wata biyu yana shan magani ba sauƙi, ya koma wa likita a Asibitin Murtala ko inda yake zuwa, ya nemi a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Hoton ƙirji na yau da kullum ba ya wadatarwa. Sai an yi sitisikan, an kuma tsakuro ɗan nama an duba. Kuma kada a ce ai ba ya shan taba. Sigari ce babbar sila, amma cutar na kama wanda bai taɓa kai kara bakinsa ba.

Kafin aiki, za a ba maras lafiya wani bututu ya cika ƙirji ya hura iya ƙarfinsa, don a san ko huhun da zai rage zai riƙe shi. Za a duba zuciya. Mai shan taba kuwa ya ajiye ta tun makonni kafin ranar.

Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu. Yawanci kashin da ƙarin yake ciki ake cirewa, tare da kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji, domin ita ke nuna ko cutar ta fara tafiya. In ƙarin bai wuce santimita 2 ba kuma yana gefe, binciken da aka yi a Japan da Amurka ya nuna ana iya cire yanki kawai. Cire huhu guda sukutum sai ta kama dole. Mutum zai farka da roba a haƙarƙari tana zubar da ruwa da iska, kwana kaɗan a zare ta. Ma'aikatan jinya za su matsa masa ya tashi ya taka, ya yi tari ko da zafi, yana dafe wurin ɗinki da matashi. 'Yan jinya su taya su, kada tausayi ya sa su hana.

Akwai maganar da ta zauna a bakin jama'a, cewa daji ba ya son ƙarfe, in wuƙa ta taɓa shi sai ya bazu. Wannan magana ta ci rayuka. Abin da ke faruwa shi ne ana kai mutum a makare, cutar ta riga ta yi nisa, sai a ɗora wa aikin laifi. A shekarar 1933 likita Evarts Graham ya cire wa wani mai wannan cuta huhu guda a Amurka, mutumin ya ƙara kusan shekara 30 a duniya, har ya ga bayan likitan.

Tiyata ba kullum take tafiya ita kaɗai ba. In ƙarin babba ne ko ya shiga kaluluwa, ana bin aikin da kemo, galibi zagaye huɗu, don kashe abin da ido bai gani ba. Tun 2022 Amurka ta amince a ba da kemo haɗe da nivolumab, mai zaburar da garkuwar jiki, kafin a shiga aiki. In gwajin naman ya nuna sauyin da ake kira EGFR, akwai ƙwayar osimertinib da ake sha shekara uku bayan aiki. Gaskiya magungunan nan tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidajenmu, amma haƙƙin maras lafiya ne ya tambaya, a gaya masa abin da ke akwai. Wanda jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba, ana yi masa gashi da na'ura, irin wanda ake zuwa Shika ko Abuja dominsa.

Bayan sallama, ana komawa sitisikan na ƙirji duk wata shida a shekaru biyu zuwa uku na farko, daga nan sau ɗaya a shekara. A adana takardar sakamakon naman da aka cire da faifan hoton, domin duk likitan da aka je wa su zai fara nema.