Kayan Sin a Madina: Abin da Kwastan da VAT Ke Yi wa Arahar AliExpress da Temu

Tambayar da ta fi yawa bayan bidiyonmu na kayan lantarki masu araha ita ce: me ya sa kuɗin da mutum ya gani a manhaja ba shi ne yake biya ba a ƙarshe? Ni a nan Madina nake karatun digiri na biyu a fannin injiniya, kuma aikin ɗakin gwaji yana sa ni yin odar ƙananan kaya daga Sin kusan kowane wata: allunan Arduino da ESP32, kebul, mita, ƙarfen lika waya. To bari mu zauna mu yi lissafin tare, domin ɗalibin da ke rayuwa da alawus ba shi da riyal ashirin na zubarwa.

Kuɗi uku ne, kar a haɗa su

Mutane kan kira komai da "kuɗin kwastan", alhali abubuwa uku ne daban, kuma hukuma ɗaya ce ke kula da su, wato ZATCA, wadda aka kafa a 2021 bayan an haɗe hukumar zakka da haraji da ta kwastan.

Na farko shi ne kuɗin fito. Tun 2003 ƙasashen yankin Gulf suka daidaita a kan kashi 5 cikin ɗari ga galibin kayan da ke shigowa daga waje. A watan Yunin 2020 Saudiyya ta ƙara wa ɗaruruwan kaya kuɗin fito, wasu ma sun kai kashi 15 ko fiye. Labari mai daɗi gare mu shi ne, wayoyin hannu da kwamfutoci galibi ba su da kuɗin fito. Sannan idan kayan na amfanin kanka ne, kuma darajarsu ba ta kai riyal 1,000 ba, an yafe maka shi gaba ɗaya.

Na biyu shi ne harajin VAT. An fara shi a Janairun 2018 da kashi 5, aka mai da shi kashi 15 daga 1 ga Yulin 2020. Wannan ba ya yafe wa kowa. Ko kebul na riyal biyar ka saya, sai an cire nasa.

Na uku shi ne kuɗin takardar shigo da kaya. Daga 6 ga Oktoban 2024, kowane ƙunshi da ya zo wa mutum daga shagon intanet na waje, wanda bai wuce riyal 1,000 ba, ana ɗora masa riyal 15. Wanda ya haura haka kuwa ana lissafa kashi 0.15 cikin ɗari, mafi ƙaranci riyal 15, mafi yawa 500.

Wani abu da da yawa ba su sani ba: ba farashin kaya kaɗai ake dubawa ba. Ana haɗa farashi da kuɗin jigila da inshora, jimillar ita ce darajar kayan a idon kwastan. VAT kuma a kan wannan jimilla da kuɗin fito a haɗe ake ɗora shi.

Mu gwada da lamba

Misali na farko: iyafis na riyal 60, jigila kyauta. VAT riyal 9, takarda riyal 15. Ya zama 84. Wato an samu ƙarin kashi 40 cikin ɗari a kan abin da ka gani da farko, kuma riyal 15 ɗin nan ne ya fi yin ɓarna, ba VAT ba.

Na biyu: kaya na riyal 900, jigila 50, jimilla 950. Babu fito. VAT 142.5, takarda 15. Za ka biya 1,107.5. A nan riyal 15 ɗin ya kusa ɓacewa.

Na uku: kaya na 950, jigila 100, jimilla 1,050. Ka ga kayan da kansu ba su kai dubu ba, amma jigila ta tsallakar da su. Idan nau'in mai kashi 5 ne, fito ya zama 52.5, VAT a kan 1,102.5 ya zama kusan 165, takarda 15. Jimilla kusan 1,283. Tsallake iyakar kaɗai ya ci maka kimanin riyal 60.

Darasin a fili yake. Ƙaramin oda guda-guda asara ne, domin kowane ƙunshi da nasa 15. Babban oda da ya ɗan leƙa saman dubu shi ma asara ne. Tsakiya ce wurin zama: ka tara buƙatunka su zo a ƙunshi ɗaya, ka tsaya ƙasa da dubu har da kuɗin jigila.

Wa ke karɓar kuɗin?

Manyan manhajoji irin su AliExpress da Temu da Shein sukan cire VAT tun wajen biya, shi ya sa kaya ke isowa ƙofarka ba a nemi komai ba. Kafin ka danna biya, duba layin haraji a ƙasan lissafin. In ba ka gan shi ba, kuma ba a rubuta cewa yana cikin farashi ba, to ka shirya: kamfanin jigila zai turo maka saƙo ka biya kafin a miƙa maka, wani lokaci har da ladansa na fitar da kaya daga kwastan.

Alibaba kuwa kasuwar 'yan sari ce. Farashin da ake nunawa sau da yawa na ƙofar masana'anta ne, babu jigila, babu haraji. Kuma ga inda ake yawan faɗawa rami: rangwamen dubu ɗaya na kayan amfanin kai ne. In ka yi odar caja 50 iri ɗaya, jami'in kwastan ba zai yarda cewa duk naka ba ne. Za a ɗauke su a matsayin kayan kasuwanci, a nemi rajistar kasuwanci da shaidar inganci ta tsarin SABER, abubuwan da mai iƙamar ɗalibi ba shi da su. Kaya na iya maƙalewa, kuɗin ajiya na hawa kullum.

Kada kuma ka yarda mai kaya ya rage farashi a takarda don a "taimake ka". Kwastan na da ikon sake yi wa kaya kima, su nemi rasidin biya, kuma sunanka ne a kan ƙunshin, ba nasa ba.

Ba Saudiyya kaɗai ba ce

Ƙofar araha tana ta tsukewa a duniya. Tarayyar Turai ta soke yafiyar VAT ga ƙananan kaya na ƙasa da yuro 22 tun Yulin 2021. Amurka ta daɗe tana barin ƙunshin da bai wuce dala 800 ba ya shiga kyauta, sai ta rufe wa kayan Sin da Hong Kong wannan ƙofa a 2 ga Mayun 2025, ta rufe wa kowa a ƙarshen Agustan shekarar. Dalilin gwamnatoci kusan ɗaya ne: ɗan kasuwar gida yana biyan haraji da haya, ga ƙunshi miliyoyi suna shigowa ba sa biyan komai.

Najeriya ta bi wata hanyar. A Satumban 2025 hukumar kwastan ta sanar da yafe fito ga ƙunshin da bai wuce dala 300 ba. Tunda dala ɗaya riyal 3.75 ce, hakan ya kama riyal 1,125, kusan daidai da iyakar nan. Saboda haka mai niyyar yin oda zuwa Madina don ya kai Kano ko Katsina lokacin hutu ya sake lissafi. Ya riga ya biya VAT kashi 15 a nan, alhali na gida kashi 7.5 ne, ga kuɗin kilo a jirgi, in kayan sun yi yawa kuma ga kwastan a filin jirgin Malam Aminu Kano.

Yaushe odar waje ke da riba?

Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce. Na ɗauki farashi da jigila, na ninka da 1.15, na ƙara 15, sannan na buɗe noon ko Amazon.sa ko Jarir na kwatanta, domin farashinsu ya riga ya ƙunshi VAT. Kayan gyara da ƙananan sassa da ba a samu a gari, odar waje ta fi. Amma waya, kwamfuta, fawa bank da duk abin da ke da batir, in bambancin bai taka kara ya karya ba, na gida ya fi, saboda garanti da sauƙin mayarwa. Ka duba bakin caja ma: soket ɗin nan mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, da yawan cajojin Sin kuwa masu ƙafa biyu ne, sai ka ƙara kuɗin adafta.

A bidiyo na gaba za mu buɗe caja biyu masu ƙarfin wat 65, ɗaya ta oda, ɗaya ta shago, mu auna da mita mu ga ko abin da aka rubuta a jikinsu gaskiya ne. Sai mun haɗu.