Kunnen da Ya Koyi Tsoro

Duk wanda ya yi noman shinkafa a fadamun ƙasar Bagudo, tun daga Geza har Lolo a bakin iyakar Benin, ya san cewa mutumin da maciji ya taɓa sara ba ya ƙara kutsa ciyawa da sakin jiki irin na da. Motsin kara kaɗai, ko warin laka irin na ranar da abin ya auku, ya isa ya sa gabansa ya faɗi tun hankalinsa bai tantance komai ba. Magabata sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma bai kyautu a kira wannan ragwanci ba, domin tsarin ƙwaƙwalwarsa ne ya sauya.

Malaman ilimin jijiyoyi sun bayyana cewa ji da gani da shaƙa kowanne yana da muhallinsa a ƙwaƙwalwa, alhali kuwa akwai mahaɗai tsakaninsu waɗanda, kamar yadda Donald Hebb ya faɗa a 1949, suke ƙara ƙarfi duk lokacin da sassan suka motsa tare, tamkar yadda yawan takawa ke mai da sawu turba. Sa'ad da azaba ta zo tare da wani sauti ko wari, wani ƙaramin sashe mai suna amigdala yakan ɗaure su wuri guda, kuma Joseph LeDoux ya nuna a jikin beraye cewa saƙon kunne yana da gajeriyar hanya zuwa gare shi, wadda ba ta jiran hukuncin tunani.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sauyin yakan koma har kan gaɓoɓin fahimta da kansu. A 2008, masu bincike a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun ba mutane ƙamshi iri biyu da hanci ya kasa bambancewa; da aka haɗa ɗaya da ɗan jan lantarki, sai suka soma rarrabe su, hoton ƙwaƙwalwarsu kuma ya tabbatar da haka.

Sauƙi yakan samu in mutum ya riƙa komawa gona sannu a hankali ba tare da wata cuta ta same shi ba, sai dai wannan sabon karatu ne yake danne tsohon, bai shafe shi ba, shi ya sa firgicin kan dawo bayan shekaru idan damina ta zo da irin wancan wari.