Jarin Da Ba Bashi Ba: Darasi Daga Kamfanin Sahel Capital

Ɗan kasuwar da harkarsa ta wuce ta ƙaramin shago, amma ba ta kai ta shiga kasuwar hannun jari ba, yana cikin tsaka mai wuya. Banki na neman jingina da kuɗin ruwa mai nauyi, ’yan’uwa kuma ba su da abin da zai sayi injin masana’anta. Wannan giɓi ne kamfanonin zuba jari masu zaman kansu ke ƙoƙarin cikewa, kuma Sahel Capital na daga cikinsu.

An kafa kamfanin a 2010, hedikwatarsa na Legas, kuma Mezuo Nwuneli na cikin waɗanda suka assasa shi. A 2014 ya fara gudanar da asusun FAFIN na tallafa wa harkar noma a Nijeriya, wanda Ma’aikatar Noma ta Tarayya, bankin raya ƙasa na Jamus KfW da hukumar NSIA suka ɗauki nauyin kafawa. Zuwa 2017 asusun ya tara dala miliyan 65.9.

Tsarin aikinsa ya bambanta da na banki. Yakan sayi wani kaso na kamfani mai tasowa, ya samu kujera a hukumar daraktoci, ya tsaya a gyara lissafi da shugabanci, sa’annan bayan wasu shekaru ya sayar da kasonsa. In an ci riba a raba, in an faɗi a faɗi tare. A 2015 ya zuba jari a kamfanin sarrafa madara na L&Z da ke Kano, wanda ke sayen nono daga hannun makiyaya. Ya kuma shiga harkar kiwon kaji a Kwara, rogo a Kogi da shinkafa a Anambra.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Mai irin wannan jari ba ya shiga inda aljihun maigida da asusun kamfani suke ɗaya. Yana son littattafan da aka bincika, rajista da takardun haraji. Da yawa daga manyan harkokinmu na gado a Arewa ba su da waɗannan, shi ya sa sukan wargaje da zarar an raba gadon mai su.

Akwai kuma abin lura. Asusun yana da wa’adi, saboda haka ranar rabuwa na nan tafe, kuma faɗuwar darajar naira tun 2023 na matsa wa duk wanda ya kawo dala lamba. Wajibi ne mai kamfani ya san, tun kafin sa hannu, wa za a sayar wa kason.

Duk da haka, kaso 70 na kamfanin da zai rayu bayan mai shi ya fi kaso 100 na wanda za a binne tare da shi. Gyaran littattafai shi ne matakin farko.