Dajin da Aka Hana wa Wuta

A jihar Arizona ta Amurka, inda ruwan sama ba shi da yawa, akwai dazuzzukan wani itace mai ganye kamar allura, ana ce da shi fondarosa. A dā ƙaramar wuta takan ratsa su bayan 'yan shekaru, ta lashe ciyawa da ƙananan itatuwa, manya masu kaurin ɓawo su tsira. Tabon ƙuna a kututture ya nuna mana haka. Wajen 1880 kiwo ya cinye ciyawar, bayan 1910 kuma hukuma ta dage da kashe kowace wuta. Daji ya cushe. A 2002 gobara guda ta ci eka fiye da 460,000, har da manyan itatuwa. Yanzu ana rage itatuwan, ana kuma cinna ƙaramar wuta da gangan, ana tsaronta.