Firgicin Bayan Masifa: Abin Da Binciken Ƙwaƙwalwa Ya Gano Da Darasinsa Ga Mubi

Garin Mubi, cibiyar kasuwanci ta arewacin Jihar Adamawa da ke kusa da iyakar Kamaru, ya daɗe da komawa harkokinsa. Kasuwar shanu tana ci, ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya suna karatu. Sai dai binciken likitoci ya nuna cewa tashin hankali irin wanda garin ya gani yakan bar tabo a ƙwaƙwalwar wasu mutane shekaru bayan an daina jin ƙarar bindiga.

A farkon Oktoban 2012 'yan bindiga sun kashe aƙalla mutum 25 a garin, akasarinsu ɗalibai. Ranar 29 ga Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye shi, dubban jama'a suka tsere, wasu zuwa Yola, wasu suka bi duwatsu da ƙafa zuwa Kamaru, kafin sojoji da mafarauta da 'yan sintiri su ƙwato shi a tsakiyar Nuwamba. Ranar 21 ga Nuwamban 2017 wani ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe aƙalla mutum 50 a masallaci lokacin sallar asuba, sannan ranar 1 ga Mayun 2018 wasu tagwayen bama-bamai suka tashi a wani masallaci da kasuwar da ke kusa da shi, suka hallaka gomman mutane.

Mene ne wannan ciwo?

Likitoci suna kiransa ciwon firgicin bayan masifa, kuma suna taƙaita sunansa da haruffan PTSD. An lura da shi a jikin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin littafinta na cututtuka, bayan abin da aka gani a wurin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam.

Alamominsa sun kasu gida uku. Na farko, abin da ya faru yakan dawo wa mutum ba da son ransa ba, ko a mafarki ko ido biyu, har ya ji kamar yanzu ne yake faruwa. Na biyu, yakan guji duk abin da zai tuna masa: wata hanya, cunkoson kasuwa, wani lokaci har sahun masallaci. Na uku, jikinsa yakan zauna cikin shirin ko-ta-kwana, barci ya gagara, zuciya ta riƙa bugawa, ƙarar salansar babur ko buga ƙofa ta sa shi zabura.

Irin wannan hali a kwanakin farko bayan masifa ba ciwo ba ne, ɗabi'ar ɗan Adam ce. Yana zama ciwo idan ya wuce wata guda kuma ya hana mutum aiki, karatu ko zaman lafiya da iyalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na mutanen duniya sukan gamu da wani mummunan al'amari a rayuwarsu, amma kashi 5.6 cikin 100 ne kawai daga cikinsu ke kamuwa da ciwon. Ke nan mafi yawan mutane suna warwarewa da taimakon dangi, addini da komawa sana'a.

A yankunan yaƙi kuwa adadin yakan ƙaru. Wani nazari da hukumar ta wallafa a mujallar Lancet a 2019, wanda ya tattara bincike 129 daga ƙasashe 39, ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a irin waɗannan wurare yana fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, kama daga ciwon damuwa da fargaba zuwa firgici da taɓin hankali. Binciken da aka yi a kan 'yan gudun hijira a arewacin Yuganda da kudancin Sudan ya ƙara nuna cewa yawan nau'in masifun da mutum ya gani shi ke ƙara masa haɗarin kamuwa. Wannan ya shafi Mubi kai tsaye, domin a cikin shekara shida garin ya ga kisa, mamaya, gudun hijira da bama-bamai.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Sassa uku ne masu bincike suka fi mayar da hankali a kansu dangane da tsoro.

Na farko shi ne amigdala, wani ɗan ƙullutu da ke can ciki a kowane gefe na ƙwaƙwalwa. Aikinsa irin na mai gadi ne: da ya hango haɗari sai ya yi kururuwa, jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure domin gudu ko kare kai. Masanin nan Joseph LeDoux na Jami'ar New York ya nuna, ta hanyar gwaji a kan beraye, cewa saƙon haɗari yana iya isa wannan sashe kafin sashen tunani ya tantance abin da aka ji. Shi ya sa mutum yakan zabura kafin ya san abin da ya tsorata shi.

Na biyu shi ne hifokamfus, wanda ke ajiye abin da ya faru tare da lokacinsa da wurinsa. Idan tsoro ya yi tsanani, ƙara da wari da hoton abin sukan zauna daram, amma su kasa samun matsayinsu a jerin abubuwan da suka wuce. Don haka warin hayaƙi ko ƙurar fashewa kan dawo da ranar gaba ɗaya kamar yau ce.

Na uku shi ne sashen gaba, wanda ke bayan goshi. Shi ne birkin tsoro, mai shaida wa mai gadi cewa ƙarar nan ta taya ce kawai. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa a wurin masu wannan ciwo amigdala yakan yi aiki fiye da kima, birkin kuma ya yi rauni.

A 1995 masu bincike a Jami'ar Yale sun yi amfani da na'urar MRI suka gano cewa hifokamfus na dama a tsofaffin sojojin Biyetnam masu ciwon ya fi na sauran mutane ƙanƙanta da kusan kashi 8 cikin 100. Da farko an ɗauka masifar ce ta motsar da shi. Sai a 2002 wani bincike a kan tagwaye masu kama ɗaya ya nuna cewa ɗan'uwan da bai je yaƙi ba shi ma nasa ƙarami ne. Wannan ya nuna cewa halitta tana da nata kaso a sanin wanda zai kamu. Mutum biyu za su iya kasancewa a sahu ɗaya ranar da bam ya tashi, ɗaya ya warware ɗaya ya kasa, ba tare da na biyun ya gaza na farkon imani ko jarumta ba.

Ana warkewa

Gwaje-gwaje sun nuna cewa ƙwaƙwalwa ba ta share tsoron da ta koya, amma tana iya koyon sabon darasi a kansa, cewa haɗarin ya wuce. A kan wannan aka gina maganin da ya fi inganci, wato tattaunawa da ƙwararre wanda zai bi da mutum ta cikin abin da ya faru sannu a hankali, a wurin da ya amince da shi.

Masana a Jami'ar Konstanz ta Jamus sun tsara wata hanya domin 'yan gudun hijira, inda mutum ke ba da tarihin rayuwarsa daki-daki daga haihuwa, da daɗi da wuya, har kowane al'amari ya koma gurbinsa. An gwada ta a kan 'yan Sudan 43 a sansanin Imvepi na Yuganda. Sakamakon da aka wallafa a 2004 ya nuna cewa bayan shekara guda kashi 29 cikin 100 ne na waɗanda aka yi wa ita ke da sauran ciwon, alhali a sauran rukunonin adadin ya kai kusan kashi 80.

Akwai kuma abin da aka gano yana cutarwa. A ƙa'idojin da ta fitar a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana ba wa wanda ya fito daga masifa ƙwayoyin sa barci irin su diazepam domin kwantar masa da firgici a watan farko, saboda babu shaidar suna warkarwa, kuma jiki yakan saba da su. Haɗarin ya fi girma idan mutum ya saya wa kansa magani a kemis. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 suna shan ƙwayoyi irin su tramadol ba bisa umarnin likita ba.

Wajibi ne kuma a bambanta firgici da wasu cututtukan. Wanda fashewar bam ta buge shi a ka, yake fama da ciwon kai, mantuwa ko faɗuwa da shure-shure, yana iya kasancewa da rauni a ƙwaƙwalwa ko farfaɗiya, waɗanda magungunansu daban ne. Likita ne zai tantance.

Ƙarancin likitoci da mafita

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri shi ne babban madogara ga arewa maso gabas, Yola kuma tana da nisan kimanin kilomita 200 daga Mubi. Saboda haka iyalai da yawa sukan fara da malamin ruƙiyya, fasto ko mai maganin gargajiya.

Najeriya tana da tarihi a neman mafita ga wannan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majinyata ke zama a gidajen jama'a tare da danginsu, ana yi musu magani, har da haɗa kai da masu maganin gargajiya. A 2020 Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun wallafa gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi ta Gana, wanda ya nuna cewa masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan lafiya na matakin farko suka yi aiki tare da malaman addini da masu maganin gargajiya. A Harare ta Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da amfanin hakan. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 domin horar da malaman jinya da ma'aikatan ƙananan asibitoci a kan cututtukan ƙwaƙwalwa shi ma a kan wannan tunani aka gina shi.

Ta fuskar doka, a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin majinyata da 'yancinsu. Wannan ya biyo bayan rahotannin ɗaure marasa lafiya da mari a wasu gidajen magani.

Binciken kansa ya fara samun gindin zama a yankin. A 2021 aka buɗe cibiyar binciken kimiyyar lafiya a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, ƙarƙashin jagorancin Dakta Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa da ke nazarin cutar mantuwa. Muhimmancin irin wannan cibiya a bayyane yake, domin mafi yawan binciken ƙwayoyin gado da aka yi a duniya a kan Turawa aka yi shi.

Ga iyalin da ke da wanda har yanzu barci ke gagararsa, ko yaron da ya koma fitsarin kwance, ko magidancin da fushi ya yi masa yawa tun bayan gudun hijira, shawarar masana ita ce a saurare shi idan ya so magana, kada a tilasta masa, a taimaka masa ya koma sana'a da mu'amala da jama'a, a kuma kai shi asibiti idan alamomin sun wuce wata guda. Idan ya fara maganar kashe kansa, a kai shi nan take, kada a bar shi shi kaɗai.